Ruwan da Na Zuba wa Licin Baba

Mun sayar da gidanmu na Hayin Banki, a Kaduna. Wanda ya saya ɗan kasuwa ne, kuma bai ɓoye mana komai ba, ya ce da zarar damina ta ɗauke zai rushe ginin ya jera shaguna a gaba, ya yi ɗakunan haya a baya. Bishiyar da ke bayan ɗakin Inna kuwa, ya ce daidai inda take tsaye zai haƙa ramin masai. Ban ga laifinsa ba, kuɗinsa ya sa. Ranar da mu magada muka taru domin a sa hannu a takarda, a inuwar wannan bishiyar muka shimfiɗa tabarmi, ni da ƙannena da 'ya'yanmu da jikoki. Wata 'yar jika ta ɗaga kai ta tambayi sunanta. Autarmu, wadda ita ma yanzu kaka ce, ta ce, "Lici ke nan. Ita ce ruwan wanke-wanken Inna ya hana ta haihuwa har shekara huɗu." Aka kwashe da dariya, don tsohon zancen gidanmu ne, kowa ya tashi ya tarar ana yin sa. Ni ma na yi dariyar, da furfurata da komai. Tun daga ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba, domin ni kaɗai na rage a duniya da na san zancen nan ƙarya ne.

Yaran yanzu ba za su gane unguwar da na tashi a cikinta ba. A lokacin daga ƙofar gidanmu kana hango gonakin dawa, kuma ba agogo ke gaya mana lokaci ba. Kukan guga a bakin rijiya shi ne asuba ta yi. Sautin turmi gida-gida shi ne hantsi. Idan ka ji manyan motoci na gurnani a kan hanyar Zariya suna neman hawa, rana ta kusa raba tsaka, lodin tashar Kawo ya tashi. Kowane gida yana da ƙasa a tsakarsa, ƙasa ta gaske wadda kaji ke tona, a cikinta akwai ko gwanda ko zogale ko mangwaro. Yanzu an shafe tsakar gidaje da siminti, rijiyoyi an rufe su da murfi an kafa tankuna a sama, ƙarar janareto da ta 'yan keke mai ƙafa uku ta cinye komai. Jikokina sun san lici, amma a gwangwani suka san ta, a manyan kantuna. Ba su san tana da ganye ba sai ranar nan.

Baba direba ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati. Bai yi boko ba, Turancinsa na bakin mota ne, wanda ya tsinta a wurin aiki. A makarantar akwai wani malamin kimiyya Ba'indiye da ke zaune a gidajen ma'aikata na Unguwar Rimi, Baba ke kai shi yana dawo da shi shekara da shekaru, har suka shaƙu. A bayan gidan mutumin akwai wata bishiya da ya zo da ita tun daga ƙasarsu. Da aikinsa ya ƙare zai koma gida, sai ya kankare ɓawon wani reshe, ya ɗaura masa jiƙaƙƙiyar ƙasa a tsumma, ya bar shi a jikin uwar har ya yi saiwa, sannan ya yanko ya sa a tsohuwar garwa ya miƙa wa Baba. Ina da shekara goma ranar da Baba ya shigo da garwar nan rungume a ƙirji, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko jariri daga asibiti. Ya ce, "Wannan amana ce. Mutumin nan ya ce duk garin nan ni kaɗai ya yarda da ni a kanta."

Baba ya haddace bayanin da aka yi masa kalma-kalma, kuma yakan maimaita mana shi har mun gaji. Kada a dasa ta da zurfi. Kada fartanya ta je kusa da gindinta, don saiwarta a sama-sama take, ciyawa da hannu za a cire. A lulluɓe gindin da busasshen ganye, amma kada ganyen ya taɓa jikinta. Iska ce abokiyar gabarta tana ƙarama, don haka ya kewaye ta da zana, ya yi mata 'yar rumfa har ta yi ƙwari. Takin shanu sai wanda ya ruɓe sarai, shi ma kaɗan. Ban ruwa kuwa aikina ne, ni ɗan fari, bokiti biyu da safe, biyu da yamma, duk rani. Na tsani aikin nan a farko, don yana raba ni da ƙwallo, amma a hankali na saba, har na san ƙamshin ƙasar idan ta sha ruwa, na san sabon tohonta da ke fitowa ja kamar an shafa masa lalle kafin ya koma kore. Maƙwabcinmu tela ba ya wucewa bai tsokani Baba ba. "Malam, yaushe za mu sha 'ya'yan Indiya ne? Ko sai mun yanki tikitin jirgi?" Baba yakan yi murmushi ya ce, "Ka dai ajiye haƙoranka, tela, kada su zube kafin lokacin."

Akwai sharaɗi guda da Ba'indiyen ya fi nanatawa, wanda ba a fara aiki da shi sai bishiyar ta kai shekara biyar. Da ta kai, bayan damina ta ɗauke, Baba ya kira ni ya ce, "Daga yau ka huta da bokiti. Duk tsawon sanyin nan ko ɗigo kada ta gani. Sai ta ji ƙishirwa ta ji ɗari, sannan za ta yi huda. In ta ƙoshi da ruwa a wannan lokaci, ganye za ta yi ta fitarwa, ba 'ya'ya. Ranar da ka ga huda, ranar za ka koma mata da ruwa, har ninki biyu." Na ce to, amma a cikina dariya nake yi. Ina aji uku a sakandare a lokacin, ina cikin ƙungiyar manoman makaranta, kuma na karanta a littafi, da hoto da komai, cewa tsiro ba ya rayuwa sai da ruwa da taki. Na yanke hukunci cewa Baba bai fahimci Turancin mutumin ba ne. Ai sau da yawa na ji yadda yake karya harshe, har nakan kauce idan na hango motar makarantarsu ina tare da abokaina, kada ya ɗaga mini hannu a gane ɗan direba ne ni. Wannan ma wata kunyar ce da nake ɗauke da ita, amma ba ita ta kawo ni ba yau.

Shirina mai sauƙi ne, kuma a ganina mai kyau. Zan riƙa ba ta ruwa a ɓoye, in ƙara mata takin zamani da ake raba mana a makaranta, wanda nake kawowa a ƙunshin takardar siminti. Idan ta yi 'ya'ya, jama'a suka taru suna yaba wa Baba, sai in fito in ce ga abin da na yi, kowa ya ga amfanin boko. Har kalmomin da zan faɗa na shirya. Da na dawo makaranta da azahar, Baba yana wurin aiki, Inna ta shiga ɗaki ta ɗan kishingiɗa, sai in yaye busasshen ganyen, in juye bokiti biyu, in mayar da ganyen yadda yake. Bishiyar ta yi kyau ƙwarai a wannan sanyin, ta cika da jan toho har ƙasa. Huda kuwa ko ɗaya. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallonta, ya ce wataƙila ƙuruciya ce, a jira baɗi. Ni kuma na ce a raina takin ne bai isa ba.

Dole in faɗi yadda muke da Inna, in ba haka ba yaran yanzu ba za su gane sauran labarin ba. Ni ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe alkunyar ɗan fari yadda aka riƙe ta a ƙauyensu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta zama kusa da ni, ba ta yabona, ba ta shiga maganata a gaban mutane. In za ta ba ni tuwo sai ta ajiye ta ce, "Ga shi nan, mai ci ya ci." In za ta aike ni sai ta gaya wa ɗaya daga cikin ƙannena, "Ka ce wa wancan ya ɗebo ruwa," alhali ina tsaye a gabanta. Matan yanzu suna rungume 'ya'yansu na fari a bakin makaranta suna kiran su da sunaye masu zaƙi, ban ce sun yi laifi ba. Mu dai ba haka muka tashi ba, kuma da wautata na ɗauka Inna ba ta damu da ni ba, ba ta ma lura da shige da ficena.

A sanyi na biyu abin ya faru. Ranar Asabar ce da hantsi, Baba ba ya zuwa aiki, ya ga bishiyar ta sake ɓarkewa da jan toho. Ya durƙusa, ya yaye ganyen gindinta, ya tura yatsa cikin ƙasa. Ya zaro shi da laka. Ina zaune a bakin zaure ina goge takalmin makaranta, na ga komai. Wurin wanke-wanken Inna yana nan taku shida ko bakwai daga gindin bishiyar, kusa da rijiya, a inuwa, da wani faffaɗan dutse da take kife kwanuka a kai tun zuwanta gidan. Baba ya dubi yatsansa, ya dubi dutsen, ya ɗaga murya ya ce, "Ke! Zo nan ki gani!" Ban taɓa jin ya yi wa Inna irin wannan kiran ba. Ta fito daga madafa hannunta duk gari. Ya ce, "Shekara shida ina wahala a kan amanar mutane, ke kuma kina nan kina yi mata ɗurar ruwan sabulu? Sau nawa na faɗa a gidan nan? Ko don kin ga ba dawa ba ce, ba za ta shiga tukunyarki ba?" Ya yi ta faɗa har tela ya leƙo ta katanga, matan maƙwabta suka yi tsit da daka.

Ruwan Inna ba ya zuwa wajen bishiyar. Rariya yake bi ya fita waje, kowa ya duba zai gani, kuma na san ita ma ta sani. Na jira ta faɗa. Ta ɗago kai, idonta ya bi ta kaina bai tsaya ba, kamar yadda ya saba, sannan ta sunkuyar ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Ba za a ƙara ba." Ni kuwa ina riƙe da burushi. Kalma biyu kawai ake nema a wurina, ni ne, amma na ga idon tela a kan katanga, na tuna yadda Baba ke nuna ni ga abokansa yana cewa ga ɗansa mai karatu, sai na sunkuya na ci gaba da goge takalmin da ya riga ya gogu.

A ranar Baba ya sa aka ɗauke dutsen aka kai shi can ƙuryar gida ta gabas, bayan akurkin kaji, inda babu inuwa ko ta tsinke. Daga rijiya zuwa can akwai tafiya. Tun daga lokacin duk ruwan wanke-wanke da na wanki sai Inna ta ja a rijiya, ta ɗauka a bokiti ta ratsa tsakar gida da shi, sau nawa a yini ban taɓa ƙirgawa ba. Tana da ciwon baya tun haihuwar Auta. Har yau idan na rufe ido ina ganin yadda take tsayawa a tsakiyar hanya, ta ajiye bokitin, ta dafa ƙugu, sannan ta sauya hannu. Wani lokaci nakan karɓa in kai mata, sai ta saki bokitin ba tare da ta dube ni ba, in tafi ina jin kamar na biya wani abu.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni ban tsaya ba. Har lokacin ina ganin ni ke da gaskiya, littafi ba ya ƙarya, kuma na samo wa kaina wata hujja mai daɗin ji: idan na daina, bishiyar ta yi huda, ai laifin ya tabbata a kan Inna ke nan. Da wannan na lallashi zuciyata. Bayan katangarmu akwai wani matsattsen lungu da ba mai bi sai awaki, kuma bishiyar dab da katangar take. Na haƙa rami a lungun, na binne fasasshen tulu, na rufe bakinsa da guntun kwano. Duk sanda aka aike ni famfon unguwa, sai in fara cika tulun kafin in shiga gida. Baba ya yi ta tura yatsa a gindin bishiyar yana jin ƙasa a bushe, bai san saiwar tana sha ta ƙarƙashin katanga ba. Wata rana da la'asar na shigo ƙafar wandona a jiƙe, Inna tana watsa wa kaji dusa, ta juya mini baya, sai na ji ta ce, kamar da kajin take, "Wasu dai su ji tsoron Allah da bokitin nan." Na ji sarai. Na wuce kamar ban ji ba, na ce a raina ai ba sunana ta kira ba.

Haka aka yi sanyi na uku da na huɗu. Bishiyar ta zama ƙatuwa, kore shar, ba ta da ko ɗa guda. Tela ya daina tsokana, wanda ya fi tsokanar ciwo. Baba ya rage zancenta a majalisa. Wata rana na ji yana cewa shi kaɗai, "Ko dai ban ji mutumin nan daidai ba ne?" Na ji daɗi a lokacin, Allah ya yafe mini, na ɗauka ya kusa zuwa inda nake.

Sai na gama sakandare na sami gurbin karatu a Zariya, na tafi bayan damina. Wannan sanyin babu wanda ya cika tulu. Wajen ƙarshensa wasiƙa ta same ni, da rubutun tela, don shi ke rubuta wa Baba. Bayan gaisuwa aka ce Baba yana fama da ciwon ƙirji amma da sauƙi, sannan aka ce, "Babanka ya ce a gaya maka lici ta yi huda, tun daga sama har ƙasa, ƙudan zuma sun hana mu sakat." Na karanta a tsaye a bakin ɗakin kwana, na zauna a ƙasa. Ba sai an yi mini bayani ba. Direban da nake jin kunyar Turancinsa ya ji daidai, harafi-harafi, ni mai littafi ni ne jakin. Zariya da Kaduna ba nisa, da na shiga mota da safe kafin azahar ina gabansa. Na ce bari sai an yi hutu, in sami natsuwa, in tsara yadda zan faɗa. Kwana goma sha ɗaya bayan wasiƙar aka zo aka ɗauke ni, Baba ya rasu. Na tarar da huda tana zuba a kan tabarmin masu gaisuwa.

Ban sake zuwa gida ba sai farkon damina, Inna tana gab da fita takaba. Ina shiga na ga bishiyar lulluɓe da tsofaffin gidajen sauro saboda jemagu, a ciki kuma 'ya'ya ne jajaye, nono-nono, har rassan sun sunkuya. Ƙannena suka gaya mini duk zafin bazarar nan Inna ce ta riƙa ba ta ruwa da kanta, safe da yamma, bokiti huɗu-huɗu, kamar yadda Baba ya ce a yi in an ga huda. Ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Bayan la'asar ta kori yara, ta ajiye faifai cike da 'ya'yan a tsakaninmu, ta zauna ta ba ni gefe, tana kallon bango. Na ɓare guda. Ɓawon da kaushi, ciki fari fat, ruwa na bin yatsuna. Na kasa kai shi baki. Na ce, "Inna, akwai maganar da zan faɗa miki."

Ta ce, "Ta tulun bayan katanga?"

Na ce, "Ta ina kika sani?"

Ta ce, "Gadona a jikin bangon nan yake. Duk sanda aka juye bokiti ina ji. Ban ruwan farkon ma ta taga nake gani."

Na ce, "To me ya sa ba ki faɗa ba? Ranar da Baba ya yi miki faɗa, me ya sa?"

Ta daɗe tana juya wani ɓawo a hannu, sannan ta ce, "Bakin da bai taɓa kiran suna a kan alheri ba, shi zai fara kira a kan laifi? A gaban uba, maƙwabta na ji? Kuma mutumin nan ba shi da abin taƙama a duniya sai biyu, bishiyar nan da mai karatun nan. Na ga gara ya rasa ɗaya." Wannan ce magana mafi tsawo da Inna ta taɓa yi mini. Na tambaye ta ko Baba ya gane kafin ya rasu. Ta girgiza kai. Ta ce ranar da huda ta fito ya sa an shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiyar, ya kira ta, yana murna kamar yaro, ya ce, "Kin gani ko? Ruwan sabulunki ne ya daɗe a ƙasa, sai bana ya ƙare. Amma komai ya wuce, na yafe miki." Na ce, "Me kika ce masa?" Ta ce, "Na ce na gode, Malam."

Na yi kuka a ranar, na roƙe ta gafara. Ta ce, "Ni ban riƙe kowa ba. A ci, kada ƙuda ya ɓata." Ban ci ba, kuma har yau ban san ɗanɗanon lici ba. Bishiyar ba kowace shekara take yi ba, sai shekarar da sanyi ya yi sanyi, amma duk sanda ta yi ana aiko mini, in raba wa maƙwabta in ce ba ta karɓe ni ba ne. Na daɗe ina ganin wannan ƙauracewar wani hukunci ne da na yanke wa kaina. Yanzu na gane hukunci ne mai arha, don ba wanda ya amfana da shi. Inna ba ta ce in yi shiru ba. Ta rayu fiye da shekara ashirin bayan Baba, kuma a gabanta zancen ruwan wanke-wanke ya girma ya zama abin raha, ana yi duk Salla idan an taru, tana murmushi tana cewa, "Ku dai ku sha ku bar ni." Ina zaune a wurin kowace shekara, da babbar riga, ana kira na Yaya, ana jiran in yi addu'a. A farko na ce sai na gama karatu. Daga baya na ce sai na yi aure. Daga baya na ce ai abin ya tsufa, tayar da shi ba shi da amfani. Haka ta tafi da laifin da ba nata ba, bayanta a lanƙwashe.

Sati shida da suka wuce na je gidan da wuƙa da leda, na yi abin da Ba'indiyen ya yi. Na zaɓi reshe mai kaurin yatsa, na kankare ɓawonsa zagaye, na dunƙula jiƙaƙƙiyar ƙasa da dusar katako a wurin, na naɗe na ɗaure sama da ƙasa. Ina da ɗan fili a Katabu inda na yi gidan ritaya, can nake so in kai shi kafin magina su zo. Shekaranjiya na koma dubawa, na ga farar saiwa ta fara leƙowa ta cikin ledar. Na tarar da Auta tana haɗa kwanukan Inna a buhu. Na ce ta zo ta zauna, na gaya mata komai, tun daga takardar siminti har tulun, ban rage ba.

Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana kallon ƙuryar gabas, inda dutsen yake har yanzu. Ta ce, "Yaya, ka san ni nake bin ta a baya da ɗan gwangwani, wai ina taya ta? Ina ji tana nishi." Na ce na sani. Ta ce, "Kuma ka bar ni ina yi mata dariya shekara arba'in. Da bakina na koya wa jikokina." Na ce haka ne. Ta share ido da gefen mayafi ta miƙe. Ta ce, "Ni ba ni ce mai yafewa ba. Ranar Juma'a kowa zai zo kwashe kaya. A gaban yaran aka yi dariyar, a gabansu za ka faɗa, kai da bakinka, a nan gindin." Na ce to.

Gobe ce Juma'ar. Na ƙi tsara kalmomi, don na san inda tsara kalmomi ya taɓa kai ni. Abin da zan fara da shi kawai na sani. Zan ce musu kakarsu ba ta taɓa zuba wa bishiyar nan ko ɗigon ruwa ba sai bayan ta yi huda, kuma duk ɗan licin da suka taɓa sha a gidan nan, daga wannan ruwan nata ya fara.